Riƙo Naki Ne, Ciyarwa Tasa Ce

Iyayena mata, yayyena da ƙannena da ke cikin gidaje, barkanmu da war haka. Ina wadda ke bakin murhu, ina mai ɗinkin hula, ina mai goyo a baya tana jijjiga? Ku ɗan matso da rediyo kusa, domin maganar yau ta shafi kowace ɗaya daga cikinmu. In ba ta same ki ba, to ta sami 'yarki, ko ƙanwarki, ko maƙwabciyarki.

Abin da ya kawo maganar shi ne wani saƙo da wata baiwar Allah ta aiko mana daga Mai'adua, ta wayar ƙanenta. Ta roƙi a sakaya sunanta, mun kuwa sakaya. Ta ce shekararta tara da aure, mijinta dillalin shanu ne a kasuwar Lahadi, yakan kuma bi mota zuwa Ikko. Wata huɗu ke nan da ya miƙo mata takarda, saki ɗaya, ta kwashe kayanta a daren ta koma gidan iyayenta. 'Ya'yansu uku, namiji mai shekara bakwai, mace mai shekara huɗu, sai jaririya 'yar wata takwas da ke shan nono. Manyan biyu ya riƙe su a wurin abokiyar zamanta, ya ce ita ma ƙaramar ranar da aka yaye ta zai aiko a ɗauko. Da ta aika masa maganar yaran, sai ya ce in tana son su ta ɗauka, amma ko ƙwayar gero ba zai bayar ba. Mahaifinta ya ce ta yi haƙuri, ɗa na uba ne. Ga shi kuma wani ya fara aiko mata da maganar aure. Ta ce a gaya mata gaskiya, me shari'a ta ce?

To 'yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri, ya sanyaya miki zuciya. Amsarki a taƙaice ita ce, riƙon yaran nan naki ne, ciyar da su kuma nasa ne. Abu biyu ne daban, kuma ba a musayar ɗaya da ɗaya. Ba shi da ikon ya ce sai dai ki zaɓa, ko yara babu abinci, ko abinci babu yara. Amma bari mu bi maganar daki-daki, don a fahimta.

Da farko, wace doka ce ke hukunci a kan irin wannan magana a jiharmu? Aure da saki da riƙon 'ya'ya da gado tsakanin Musulmi, shari'ar Musulunci ce bisa mazhabar Imamu Malik ke hukunci a kansu, tun zamanin kotunan alƙalai na da. A shekarar 2000, lokacin Gwamna Umaru Musa 'Yar'adua, Jihar Katsina ta kafa kotunan shari'a a madadin kotunan yanki. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 kuma, a sashe na 277, ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon duba ƙararrakin da suka shafi aure, da rabuwarsa, da kula da ƙananan yara. Littattafan da alƙalanmu ke buɗewa su ne waɗanda malamanmu na zaure ke karantarwa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, da Mukhtasar na Shehu Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim. Saboda haka kada wani ya ce miki wannan maganar 'yan boko ce ko ta Turawa. Maganar malaman Malikiyya ce, tana nan a rubuce shekaru aru-aru.

Mu fara da idda, domin a nan ne mata da yawa ke fara asarar haƙƙinsu. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana miji fitar da matar da ya saka daga ɗakinta, ta kuma hana ita matar fita, har sai idda ta cika. Mu kuwa al'adarmu, takarda na shiga hannu sai a nemo mota a kwashe gado da kwanuka. In saki ɗaya ne ko biyu, muddin kina cikin idda, cinki da shanki da suturarki da wurin kwananki duk suna wuyansa, kuma yana iya mayar da ke, in ɗayanku ya rasu ɗayan zai gaje shi. In saki uku ne ko hul'i, kina da wurin zama har idda ta ƙare, amma ciyarwa sai in kina da ciki. Mai ciki kuwa, ko wane irin saki ne, dole ya ciyar da ita har ta haihu.

Ga wani wuri da nake so mai saƙonmu ta buɗe kunne. Yawancinmu wata uku muke ƙirgawa mu ce idda ta ƙare. Wata uku iddar wadda ba ta ganin al'ada ce saboda tsufa ko ƙuruciya. Mai ganin al'ada, iddarta tsarki uku ne. Wadda kuma shayarwa ta ɗauke wa al'ada, a mazhabarmu jira za ta yi har al'adar ta dawo ta ƙirga tsarkinta uku. Ke da kike shayar da 'yar wata takwas, in al'adarki ba ta dawo ba, to har yanzu kina cikin idda, ko da an yi wata huɗu. Ma'ana, ciyar da ke kanki tana kan mijin nan, kuma mai neman aurenki ya dakata, don bai halatta a nemi auren mai irin wannan idda ba. Ki sa a tambayar miki malami a kan ranakunki, kada a ɗaura aure a kan aure.

Yanzu sai maganar riƙo, wanda malamai ke kira hadana. A mazhabar Malikiyya, uwa ce ta fi kowa cancantar riƙon ɗanta bayan rabuwa. Har zuwa yaushe? Namiji har ya balaga. Mace har ta yi aure ta tare a ɗakin mijinta. Kin ji fa, ba ranar yaye ba, ba shekara bakwai ba. Wannan magana ta cewa da an cire yaro daga nono sai a kai wa ubansa, al'ada ce muka tarar, amma ba hukuncin littafi ba ne.

Bari in ba ku wani labari da Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya auri wata mata daga mutanen Madina, suka haifi ɗa mai suna Asim, daga baya suka rabu. Wata rana ya je Ƙuba, ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, sai ya ɗauke shi ya ɗora a kan dabbarsa. Kakar yaron ta biyo shi, suka yi ta jayayya har gaban Halifa Abubakar. Sayyidina Abubakar ya hukunta a bar mata yaron, Umar kuwa bai ƙara cewa uffan ba. To ku duba. Umar ne fa, wanda manyan maza ke shakkarsa, ga tsohuwa ta kai shi gaban hukuma, aka ba ta gaskiya, ya bi. Babu wanda ya ce tsohuwar nan ba ta da kunya. Wane dillali ne yau ya fi Umar ƙarfi?

Labarin nan ya nuna mana wani abu kuma. In riƙo ya fita daga hannun uwa, ba kai tsaye yake faɗawa hannun uba ba. Bayan uwa sai mahaifiyarta, wato kakar yaro ta wajen uwa. Bayan kakanni na wannan ɓangare sai 'yar'uwar uwa, ya ko ƙanwa. Sai an wuce waɗannan ake zuwa ga kaka ta wajen uba, sannan uban da kansa. Matar uba kuwa ba ta cikin jerin ko kaɗan. Hikimar a fili take, ƙaramin yaro tausayi yake buƙata, kuma dangin uwa sun fi kusa da tausayinsa.

To me ke fitar da riƙo daga hannun uwa? Dole in faɗi wannan ma, don kada ku ji rabi ku bar rabi.

Na ɗaya, aure. In kika auri wani wanda ba muharramin yaron ba ne, kuka tare, riƙo ya bar hannunki ya koma ga mai bi miki, wato mahaifiyarki in tana da rai da ƙarfi, kuma ba gida ɗaya take zaune da ke ba. In wanda kika aura muharramin yaron ne, kamar ƙanen ubansa, riƙonki yana nan. Haka kuma in wanda riƙon zai koma hannunsa ya san kin tare, ya yi shiru har shekara guda ba tare da wani uzuri ba, to ya bar miki ke nan. Ki kuma sani, a magana mafi shahara a mazhabarmu, in riƙo ya faɗi saboda aure, ko wannan auren ya mutu ba ya dawowa. Don haka mai saƙonmu, kafin ki amsa wa mai nemanki, ki zauna da mahaifiyarki ku daidaita inda yaran za su zauna, a gaban shaidu.

Na biyu, in an tabbatar a gaban alƙali cewa mai riƙo ba ta da hankali, ko ba ta da amana, ko tana da cuta mai yaɗuwa da za ta cutar da yaro, ko gidan da take ba wurin da za a amince a bar 'ya mace ba ne. An ce an tabbatar fa, da shaidu. Zargin baki ko gulmar unguwa ba hujja ba ce.

Na uku, ƙaura mai nisa, kuma wannan ya shafe mu mutanen bakin iyaka ƙwarai. In uba zai tashi da zama dungurungum zuwa garin da nisansa ya kai baridi shida, wanda malamai ke ƙiyastawa da mil 72, kuma hanya da garin akwai aminci, yana da ikon tafiya da ɗansa, sai fa in uwar ta yarda ta bi su can ta ci gaba da riƙo. Haka ita ma uwar, in ita ce za ta yi irin wannan ƙaura, uba na iya karɓar ɗansa. Amma tafiyar fatauci ba ƙaura ba ce. Wanda ke kai shanu Ikko ya yi sati biyu ya dawo gidansa a Mai'adua, bai ƙaura ba. Ke ma in daga Mai'adua kika koma gidanku a Daura, ko Zango, ko Sandamu, wannan bai kai nisan da zai taɓa riƙonki ba.

Na huɗu, in ke da bakinki kika ce kin yafe, ba tare da wani uzuri ba. Wadda ta yafe ba ta dawowa daga baya ta ce a ba ta. A nan ne hul'i ke cin mata da yawa. Mace ta gaji, tana son ta rabu ko ta halin ƙaƙa, sai a ce mata ta mayar da sadaki, ta kuma bar yara, ko ta ɗauki ciyar da jariri har yaye, sai ta ce ta yarda, ta dangwala yatsa. Irin wannan sharaɗi yana ɗaure ki. Kada ki dangwala hannu a takardar da ba a karanta miki da Hausa ba, a gaban wani naki. Kuma in cutar da ke yake yi, duka ko horon yunwa, kina da shaidu, ba sai kin fanshi kanki da kuɗi ba, alƙali na iya raba auren saboda cutarwa. Wadda ma ta riga ta biya, in ta tabbatar da cutarwa ce ta tilasta mata, ana mayar mata da abinta, sakin kuma yana nan daram.

Ke kuwa mai saƙonmu, ba ki yafe ba, riƙe miki su aka yi. Amma dogon shiru yana iya sa a ce kin yarda. Ki aika wakilai biyu masu mutunci su shaida masa cewa kina neman 'ya'yanki, a san rana, a san wata.

Sai ciyarwa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora abinci da tufafi a kan wanda aka haifa wa ɗan, gwargwadon ikonsa. Malamanmu suka ce uba zai ciyar da ɗansa namiji har ya balaga yana iya nema da kansa, 'ya mace kuwa har ta tare a gidan miji. Ciyarwa ta haɗa da abinci, da sutura, da abin kwanciya, da kason yaro na wurin zama, kuma alƙalai kan duba kuɗin magani da na makaranta. Ko kina da sana'a, ko kina da awaki da kaji, wannan bai sauke masa nauyin ba, muddin yana da hali. Mai riƙo ce kuma ke karɓar kuɗin ko hatsin a hannunta. Uba ba shi da ikon cewa a riƙa turo masa yara su ci a gidansa su koma. Bayan haka, in iddarki ta ƙare kina ci gaba da shayarwa, kina da ladan shayarwa daban, kamar yadda aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna.

Nawa ne za a yanka? Babu adadi guda ga kowa. Alƙali yana duba samun mutum da tsadar kaya a garin. Mun san kasuwarmu da iyaka take numfashi. Da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, magidanta da yawa daga Mai'adua zuwa Kwangwalam sun ji jiki. In samu ya ragu da gaske, ana rage abin da aka yanka, in ya ƙaru ko kaya sun yi tsada, kina iya komawa ki nemi ƙari. Abin da babu shi shi ne mutum ya ce ba shi da na ciyar da 'ya'yansa, alhali yana haɗa lefen sabuwar amarya.

Ga wata magana da nake roƙon ku riƙe da kyau. A mazhabarmu, kuɗin ciyar da yaro na watannin da suka wuce ba ya zama bashi a kan uba haka kawai. Yana zama bashi ne in alƙali ya riga ya yanka, ko kuma in wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ba kyauta ba. Mace sai ta yi shekara biyar tana dakan fura da suyar ƙosai tana ciyar da yara, ranar da ta gaji ta je kotu neman na baya, sai a ce mata ina hujja? Saboda haka tun ran gini, tun ran zane. Ki sa a yanka tun da wuri, ko ki kafa shaidu cewa abin da kike kashewa za ki nema.

Na san tambayar da ke ranku. Ni da ko ƙofar gida ban sani ba, yaya zan yi? Ba a fara da kotu ba. A fara da waliyyan da suka ɗaura auren, su zauna. In ya ƙi, sai limamin unguwa da mai unguwa, sai dagaci, sai hakimi, domin sulhu aikinsu ne a ƙasar Daura tun kaka da kakanni. Akwai kuma hukumar Hisbah da gwamnatin jiha ta kafa a 2023, tana sasanta ma'aurata. Duk abin da aka daidaita a rubuta, shaidu su sa hannu, ki riƙe kwafinki. In duk wannan ya ci tura, sai kotun shari'a mafi kusa da ke. Shari'a ta yarda ki naɗa wakili, mahaifinki, ko wanki, ko kawunki, ya shigar da ƙara ya yi magana a madadinki, ko da yake alƙali na iya neman jin ta bakinki. Zuwa gaban alƙali neman haƙƙi cikin hijabinki ba zubar da mutunci ba ne.

Ki adana takardar saki, kada fushi ya sa ki yaga ta. Ki adana takardun haihuwar yara da katin rigakafinsu a ƙasan akwati. In kuma hukuncin da aka yanke bai yi miki daidai ba, akwai babbar kotun shari'a, sama da ita akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina. Kun tuna shari'ar Amina Lawal? Ba ta riƙon yara ba ce, amma akwai darasi. Kotun Bakori ta yanke mata hukunci a Maris na 2002, ta Funtuwa ta tabbatar a Agusta, amma ranar 25 ga Satumba, 2003, kotun ɗaukaka ƙara a Katsina ta rushe hukuncin ta sallame ta. Alƙali mutum ne, yana iya kuskure, shi ya sa aka yi na sama da shi. Sai dai ɗaukaka ƙara yana da wa'adi, ba a jinkiri.

Wadda kuma tsohon mijinta ke da gida ko dangi a tsallaken iyaka, wajen Matamaye ko Damagaram, ta ƙara sauri. Sammacin kotunmu ba ya aiki a ƙasar Nijar. In yaro ya riga ya ƙetare, sai dai a bi ta hannun dangi da sarakunan gargajiya na ɓangarorin biyu, kuma wannan hanya ce mai tsawo. In kin ji ƙishin-ƙishin za a tafi da su, ki kai magana kafin a tafi.

Kafin in rufe, uba ma yana da haƙƙinsa, kada mu zama masu son kai. Shi ne waliyyi. Tarbiyya da karatun yaro da aurar da 'ya mace suna hannunsa. Yana da ikon ganin 'ya'yansa, ya sa su makaranta, su je wurinsa da rana su dawo su kwana wurinki. Kada ki hana su gaishe shi, kada ki zauna kina zagin ubansu a kunnensu, gobe sunansa za su amsa. Abin da ya bayar don cikinsu kuma kada ya tafi adashi ko ankon biki, a ɗora wa yarinya tire a tura ta tasha. Amana ce, za a tambaye ki.

Ke kuma da aka kawo wa 'ya'yan wata kina riƙo, da ke uwar miji da kika ce jikokinki ba za su bar gidan ɗanki ba, ku ji tsoron Allah. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ku ne za ku fi kowa iya cewa da shi, Malam, mayar wa yaran nan da uwarsu. Iyayenmu maza, na san wasunku na zaure suna saurare. Haƙuri abu ne mai kyau, amma idan 'yarku ta dawo gida da kuka, ku taya ta neman abin da Allah ya ba ta, sannan ku ba ta haƙuri a kan sauran.

Mai saƙonmu ta Mai'adua, ga abin da za ki yi cikin satin nan. Ki tabbatar da lissafin iddarki wurin malami. Ki sa ƙanen nan naki ya maimaita wa Baba abin da kuka ji yau, cikin ladabi. A tura mutum biyu wurin uban yaran. In an daidaita, alhamdu lillahi, a rubuta. In ba a daidaita ba, kin san ƙofa ta gaba. Muna jiran ki aiko mana da yadda aka ƙare.

Allah ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, waɗanda nasu ya mutu Allah ya musanya musu da mafi alheri, ya raya mana zuriya bisa tafarkin Musulunci. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.